Yadda Bazazzagi zai hau jirgin sama ba tare da jirgin ya tafi ya bar shi ba

Abin dariya abin haushi, mu mutanen Zariya tun muna yara muke ganin jirgi a kanmu kusan kullum, balle in kana Palladan ko Hanwa ko Samaru, ƙananan jiragen nan na 'yan makarantar Abiyeshan da suke ta zagaye suna sauka suna tashi har kunnenka ya saba ka daina ɗaga kai, amma ranar da kai ɗin kake son hawa jirgi sai ka ɗauki jakarka ka nufi garin wasu. Makarantar nan tun 1964 take, ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirgi hanya daga hasumiya da ma'aikatan cikin jirgi ba adadi, sai dai filinta na koyo ne, ba wurin da za ka je ka yanki tikitin Legas ba ne. To shi ya sa duk shawarar hawa jirgi da za ka karanta wadda mutumin Abuja ko Legas ya rubuta rabi ce a wurinmu, shi minti talatin ne tsakaninsa da filin jirgi, kai kuwa tafiya ce kafin tafiya.

Ni kayan waya nake sayarwa, caja da fawa banki da su iyafis, Ikeja nake zuwa sari, da can a doguwar bas ta dare nake tafiya har bayana ya fara yi min gargaɗi na koma jirgi in kuɗi sun samu. Kusan duk sati sai wani ya tsaya a shago ya tambaye ni yaya ake yi, wani kuma kunyar tambayar yake ji sai ya ce wai ƙaninsa ne zai yi tafiya. Ga abin da nake gaya musu.

Farko ka zaɓi inda za ka tashi, uku ne a gabanka: Kaduna, Kano, Abuja. Kaduna ce mafi kusa, wajen kilomita 80, ka bi Jaji da Mararrabar Jos ka shiga ta Kawo ka nufi Mando, filin yana can bayan gari. Matsalarta jiragen ba su da yawa, in aka soke naka ba lallai ka samu wani a ranar ba, kuma hanyar filin ba wadda nake son bi da daddare ba ce. Ta taɓa cika ta batse a 2017 lokacin da aka rufe filin Abuja na sati shida ana gyaran titin jirgi aka karkato da jiragen can, bayan nan ta koma shiru-shirunta. Kano ta fi nisa, ka ƙiyasta awa biyu zuwa biyu da rabi har ƙofar filin Malam Aminu Kano, amma akwai kamfanoni da dama kuma daga nan ake tashi Jidda da Alƙahira da Adis Ababa, ni nan na fi bi ko da yake dole ka haƙura da tsokanar Kanawa, da sun ji bakinka sun fara. Abuja kuwa ta fi kowa yawan jirage, sai dai nisa, in za ka bi ta nan ka je Rigasa ka hau jirgin ƙasa ka sauka Idu ka ɗauki mota zuwa filin, kuma kada ka kuskura ka haɗa jirgin ƙasa da na sama a ƙurarren lokaci, ka ba da tazarar awanni masu kauri ko ka kwana.

Sai tikiti. Ko dai ka shiga shafin kamfanin da kanka ka saya da katin banki ko taransifa, ko ka je wurin ejan ɗin da ka san shagonsa ka san fuskarsa. Wanda ya turo maka talla a WhatsApp ko Facebook wai yana da tikiti rabin kuɗi ka turo masa ta akawun ɗinsa, ka bar shi da Allah. Duk tikitin gaskiya yana zuwa da wata lamba mai haruffa da alƙaluma guda shida, ka ɗauki lambar nan da sunanka na ƙarshe ka sa a shafin kamfanin, in sunanka da ranarka suka fito kuma ya nuna an biya to ka samu tikiti, in ba su fito ba takarda kawai aka ba ka. Akwai kuma masu riƙe kujera ba su biya ba su buga maka takardar, bayan 'yan awanni ta faɗi da kanta kai kana gida kana haɗa kaya.

Sunan da za a rubuta ya zama daidai da na katin da za ka nuna, harafi da harafi. Wannan ya fi cin mu 'yan Arewa, mutum ɗaya Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a fasfo, Muhammadu a katin zaɓe, Mamman a unguwa. Ka zaɓi kati ɗaya ka ajiye shi a gabanka kana kwafa. A tafiyar cikin gida wani lokaci a kau da kai, a ta ƙasar waje ba wasa. Kuma lambar waya da imel a sa naka, ba na ejan ba, ba na yaron kafe ba, saboda in kamfani ya canza lokaci ta nan zai turo saƙo, kuma suna canzawa, wani lokaci ma su dawo da shi baya ba gaba ba.

Kuɗin tikiti ba kamar na mota ba ne da kowa ke biyan abu ɗaya, kujerun farko sun fi araha, yana cika yana tsada, mutumin da ke zaune kusa da kai zai iya zama ya biya rabin naka. In ka san ranarka ka saya da sati biyu ko uku, kusa da Sallah ko ƙarshen Disamba kuwa sai addu'a. Mutane suna zagin kamfanoni kan tsada, ni ma ina yi, amma man jirgi shi ne ke cinye kaso mafi girma, ga kayan gyara da babban sabis duk da dala ake biya. A watan Mayun 2022 sai da kamfanonin suka yi barazanar ajiye jiragensu gaba ɗaya saboda litar man ta tashi daga naira 190 zuwa 700, daga lokacin nan tikiti bai sake dawowa hayyacinsa ba.

In da hali ka ɗauki jirgin safe, na farko. Dalili shi ne jirgi ɗaya ne yake yin sawu huɗu ko biyar a rana, Legas zuwa Kano, Kano zuwa Abuja, ya koma, ya sake fita, in ya makara minti arba'in a sawun farko kafin yamma ta zama awa uku, wanda ya sayi na ƙarfe shida na yamma shi ke kwasar gajiyar kowa. Amma jirgin safe daga Kano ga Bazazzagi yana nufin abu ɗaya, ka kwana a Kano. Na faɗa na sake faɗa, ka kwana a Kano.

Ni na gwada wayo. Jirgina ƙarfe bakwai da rabi ne, na ce ai hanya ta yi kyau yanzu, in na yi asuba na fita na isa. Na je Kwangila da duhu-duhu, motar saura mutum biyu, saura mutum biyun nan sai da suka ci min minti talatin da biyar, ƙarshe ni na biya kuɗin kujera ɗaya. Muka wuce Tashar Yari lafiya, muka wuce Kwanar Ɗangora, kafin Kura sai ga tirela ta faɗi ta tare rabin titi. Da muka sauka na tare ɗan sahu na ce masa ko nawa ne, yana gudu ina duba agogo kamar dubawar za ta rage mintin. Na shiga da gudu bakwai da minti goma, jakata a ka, ga jirgin can ina hango wutsiyarsa ta gilashi. Yarinyar da ke kaunta ta ɗago ta ce, Alhaji an rufe. Na ce 'yar uwa ki dubi girman Allah daga Zariya nake, ga shi can ai bai tashi ba. Ta juyo min da fuskar kwamfutar ta ce, wallahi ko babana ne ba zan iya buɗewa ba, an riga an miƙa lissafi. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne, sai daga baya wani abokina ɗan unguwarmu da ke aikin lodin kaya a filin jirgi ya yi min bayani cewa da an rufe ake haɗa adadin mutane da nauyin kaya da na mai a takarda ɗaya a kai wa matuƙi ya sa hannu, da ita yake sanin yadda zai tashi, ba a ƙara mutum a kai kamar yadda kwandasta ke cewa a matsa. Ranar sai da na biya tarar rashin zuwa da cikon kuɗin jirgin yamma, kuɗin da ya fi na ɗakin kwana sau nawa. Yawanci ana rufe kaunta minti 30 zuwa 45 kafin tashi, saboda haka lokacin da ke jikin tikiti ba lokacin zuwanka ba ne, ka kasance a filin awa biyu kafin nan, na ƙasar waje awa uku ko fiye.

Yanzu kaya, inda aka fi yin rigima. Kowane tikiti da kilon da aka yarda maka, wani 15, wani 20, wani 23, yana rubuce a jiki ka duba, ta hannu kuma yawanci kilo 6 ko 7. Abin da ya haura da kilo-kilo za a caje ka kuma ba a tayi. Ka auna tun daga gida, in ba ka da sikeli ka kai jakar wurin mai sayar da gas na unguwarku ka ɗora, ni haka nake yi, ya fi ka durƙusa a tsakiyar mutane kana zazzage kayanka ana ganin har singiletinka. Jakar bakko tana tafiya amma ka ɗaure ta da igiya ko a naɗe ta da leda, zif ɗinta ba ya jure jifa.

Fawa banki da duk wani batirin waya ko na kwamfuta da ba a jikin na'ura yake ba, a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin wadda za ta shiga ƙarƙashin jirgi ba. Wannan sana'ata ce na sani, batirin nan in ya matsu ko ya yi zafi yana iya kamawa da wuta, in a sama ne kusa da mutane za a gani a kashe, in a ƙasa ne cikin tulin kaya babu mai gani. Irin masu ƙarfin mAh 10,000 da 20,000 da muke riƙewa ba matsala, manya-manyan nan masu kama da bulo su ne ake tsayarwa. Ni kaina in na yi sari ba na ɗauko su a jirgi, a mota nake turo su. Akasin haka kuma wuƙa, almakashi, reza, abin yanke farce mai 'yar wuƙa, duk a babbar jaka, in aka gan su a ta hannu sun zama na kwandon shara. Ruwa-ruwa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mil 100, musamman a tafiyar waje, hajiyoyi masu humra da turaren ruwa a kula. Manja da man shanu da zuma wasu kamfanonin sam ba sa karɓa, wasu sai an ga yadda ka ɗaure, ka tambaya kafin ka wahalar da kanka. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya suna wucewa a cikin gida amma ka sa ran za a buɗe a shinshina, daddawa kuwa ka ninka mata leda uku don darajar sauran fasinjoji. Kilishi zuwa Legas lafiya lau, zuwa Ingila ko Amurka a'a, ba sa barin a shigar musu da nama. Magani, takardu, kuɗi, waya, caja, duk a jikinka.

Wannan kuma da babbar murya: kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi. Ko dattijo ne mai furfura da carbi ya ce kilonsa ya yi yawa ka taimaka a sa jaka ɗaya da sunanka, ka ce ya yi haƙuri. Duk abin da aka samu a jakar da ke da sunanka naka ne a idon hukuma. Mun ga yadda aka kama wata ɗaliba a Saudiyya a ƙarshen 2018 kan jakar ƙwaya da ba ta ma san da ita ba, sai da bincike ya nuna wasu ne a filin jirgin Kano suka maƙala sunanta a jakar, aka sako ta a 2019 bayan wata huɗu, kuma ƙasar nan hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne. Saboda haka in an auna kayanka ka tsaya ka ga an liƙa wa kowace jaka takardarta, ka ƙirga 'yan ƙananan sitikar da aka manna maka a bayan bodin fas, wato takardar shiga jirgi, jaka biyu sitika biyu, in ka ga uku ka yi magana a wurin. Ka ɗauki hoton jakunkunan a kan sikelin. Masu zuwa Umara da Hajji kuma goro haramtacce ne a can, Tramadol ma haka, duk shekara hukumar alhazai sai ta faɗa duk shekara sai an samu wanda ya ɗinke shi a cikin filo.

Shiga filin kansa ba wuya. A ƙofa za a sa kayanka a na'ura, ka wuce kauntar kamfaninka ka miƙa kati da lambar tikiti, a auna kaya a ba ka bodin fas, ka bi layin bincike ka cire waya da makulli da bel da agogo ka zuba a tire, ka wuce ɗakin jira. Za ka ga masu zuwa da fara'a suna cewa Alhaji kawo in taimaka maka, in ba ka buƙata ka ce na gode ka riƙe jakarka, taimakon ba na Allah da Annabi ba ne. Ka yi alwala da sallarka da uzurinka tun a ƙasa, ban-ɗakin jirgi ƙanƙane ne kuma ba a son a jiƙa shi da ruwa. A ɗakin jira ka haddace lambar jirginka ba sunan gari kawai ba, don jirgi biyu na iya tafiya Legas a tsakanin minti ashirin, kuma lasifikar nan wani lokaci ko wanda ya yi digiri a Turanci ba ya gane abin da take cewa, ka nemi wani mai irin bodin fas ɗinka ka zauna kusa da shi, in ya miƙe ka tambaya.

A cikin jirgi lambar kujerarka tana jikin bodin fas, lamba da harafi, harafin A gefen taga ne. Kada ka zauna a ta wani ka ce ai duk ɗaya ne. Bel ɗin ba irin na mota ba ne, ana tura ƙarfen ya yi ƙas, in za a buɗe a ɗaga murfin, in ya gagare ka ka kira ma'aikaciya, sun ga wanda ya fi ka ruɗewa. Waya kuma a kashe ta gaba ɗaya lokacin tashi da sauka, tun watan Agustan 2025 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce a daina cewa ai na sa ta a yanayin jirgi, bayan rigingimun da aka yi da wasu fasinjoji a watan har aka sauko da wata da ƙarfi. In ma'aikacin jirgi ya ce ka yi abu ka yi, gardama a nan tana iya kai mutum hannun 'yan sanda ko a hana shi hawa jirgi. Ka yi addu'arka ta hawa abin hawa, za ka ji ya yi gudu ya ɗaga cikinka ya ɗan yi wani iri, kunnenka zai toshe musamman wajen sauka, ka riƙa haɗiyar yawu ko ka tauna cingam, mai goyo ta ba yaro nono a lokacin. In ya shiga gajimare ya fara girgiza kamar mota a kan titin da ya fashe, iska ce, ka duba fuskar ma'aikatan za ka ga hirarsu suke yi. Kano zuwa Legas wajen awa ɗaya da rabi ne, ka ga kenan zuwanka Kano daga gida ya fi tafiyar kanta tsawo.

To sai babban abin, jinkiri da sokewa, wanda in kana hawa jirgi a Najeriya sai ka gamu da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne sarki, in ƙura ta sauko matuƙi ba ya ganin titi daga nisan da doka ta ce, jirgi sai ya zo har saman Kano ya yi ta zagaye ya juya Abuja. Da damina hadari, wani lokaci tsuntsu ya faɗa inji sai injiniya ya duba, wani lokaci a rufe sama saboda babban mutum zai wuce, wani lokaci ma'aikatan jirgin ne awanninsu na aiki suka cika doka ta hana su sake tashi, wani lokacin kuma, mu faɗi gaskiya, kamfanin ne ya sayar da tikitin jiragen da ba shi da su, sai a ce maka dalilan aiki. In kana da abu mai muhimmanci, intabiyu ko biza ko ɗaurin aure ko wani jirgin da za ka tara a Legas, ka tafi ana gobe, lokacin hazo ma ka ƙara kwana.

Kana da haƙƙi kuma a rubuce yake a dokar kare fasinja ta NCAA. A tafiyar cikin gida in an yi awa biyu ana jira sai a ba ka abin taɓawa da abin sha, in ya wuce awa uku kana iya cewa ka fasa a mayar maka da kuɗinka, in abin ya kai tsakanin goma na dare da huɗu na asuba sai masauki da motar kai ka. Kuɗin da ka biya ta banki kwana 14 ne wa'adin dawo da shi. Diyya kan abin da ya shafi yanayi kam babu, ba su suka kawo hazo ba. Akwai jami'an hukumar masu karɓar ƙorafi a cikin filin, ka tambaya a nuna maka teburinsu, ka ajiye bodin fas da sikirinshot na saƙon da aka turo maka. Ba kullum ake samun haƙƙin cikin sauƙi ba, na taɓa bin kuɗina fiye da wata biyu a wurin wani kamfani, amma wanda ya rubuta ƙorafi da shaida ya fi wanda ya daki teburi samun nasa.

Kuma don Allah a daina huce haushi a kan yaran kaunta. Abokin nan nawa mai lodi yana cewa ranar da aka soke jirgi manya sai su ɓace, a bar yarinyar da ta fito tun huɗu na asuba, albashinta bai kai kuɗin tikitin da take bugawa sau biyu ba, mutum ɗari suna mata ihu a ka, ita ma ba a gaya mata komai ba. Yawancin mutane ba su san ma ba wuri ɗaya suke aiki ba, ginin da tsaronsa na FAAN ne, masu hasumiya NAMA ne, hasashen yanayi NiMet, masu lodi da matakala da tura jirgi galibi na kamfanonin hidima ne irin su NAHCO da SAHCO, kamfanin jirgin nasa daban. Shi mai lodin yana cikin cikin jirgi a durƙushe yana jera akwatuna a zafin Afrilu, in ya fito wani ya tare shi da zagi kan tikiti. Ni yanzu in an yi jinkiri nakan bari hayaniya ta lafa in je a hankali in yi sallama in ce, ƙanwata gaya min tsakani da Allah, jirgin ya taso daga can ko bai taso ba? Wannan ita ce tambayar, in bai baro inda yake ba ka san aƙalla kana da tsawon tafiyarsa da ƙarin rabin awa, ka je ka ci abinci.

Na ƙasar waje a taƙaice, fasfo ya zama saura aƙalla wata shida, biza a buga a takarda kada a dogara da waya, katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa a yi shi da wuri don sai ya kwana goma yake fara aiki. Za ka bi ta teburin shige da fice da kwastan da masu yaƙi da ƙwaya, ka amsa abin da aka tambaye ka. In da tsoho za ka yi tafiya ka nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kamfani ke bayarwa. Da na kai mahaifiyata Umara da ƙyar ta yarda, ta ce ɗan nan ni gurguwa ce da za a tura ni a gaban mutane? Na ce Inna ba don ƙafa ba ne don layi ne. Da ta ga an wuce da ita gaba ana ta ba ta hanya, da muka sauka Jidda ita da kanta take tambaya ina mai keken. Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu, ku riƙe mata maganinta da rigar sanyi a hannu. Zamzam a dawowa lita biyar ce a cikin kwalinta da aka rufe, ba a cusa jarka a akwati.

In an sauka ka zauna har jirgin ya tsaya cak, tsayuwar da ake yi ana turereniya ba ta buɗe ƙofa. A wurin ɗaukar kaya baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya, ka ɗaura wa naka ƙyallen atamfa mai ɗaukar ido tun daga gida, ka kuma gwada lambar sitika kafin ka ja. In jakarka ba ta fito ba kada ka bar wurin sai ka cika fom a teburin kamfanin an ba ka kwafi, in ka fita ka dawo gobe labari ya canza, kuma akwai naira 10,000 da doka ta ce a ba wanda kayansa suka makara a tafiyar cikin gida don ya sayi abin buƙata, ba mai tuna maka sai ka tambaya. Masu zuwa Legas ku sani tashar cikin gida biyu ce a Ikeja, MMA2 da tsohuwar da ake kira GAT, ranar dawowa ka duba wacce kamfaninka yake amfani da ita kafin ka hau mota, kar a sauke ka a wadda ba ita ba ka kama jan akwati a titi.

Dawowa gida ma lissafi ne. Jirgin da aka ce zai sauka Kano biyar na yamma zai iya sauka tara na dare, ka fito ga gajiya ga kaya ga masu tasi suna faɗin kuɗin da ya kusa na tikiti in ka ce Zariya. Ni ina da direba ɗaya da na sani nake kira tun ina Legas in gaya masa kada ya taso sai na ce masa mun shiga jirgi, in kuma dare ya yi sosai ba na bin hanya, gidan wani aminina Bakano nake zuwa a Na'ibawa in kwana, ya yi ta min tsiya wai Zagezagi masu makarantar jirgi ba jirgi, da safe in sha kokonsa da ƙosai in tari motar farko, kafin tara ina buɗe shago.